Ƙunshin Injiniya Mudassir da Gonar Hure

Duk faɗin ƙasar Bagwai, in ana lissafa masu ilimi, da Injiniya Mudassir ake farawa, a huta, sannan a tuna da saura. Wata shida cur ya yi a wani shagon koyon kwamfuta a Rijiyar Zaki, ya dawo da tabarau da jakar goyo da wata irin tafiya ta ƙasaita. Ƙauye ya laƙaba masa Gagara-Gwaji, shi kuwa bawan Allah ya ɗauka sarauta ce.

Bana aka ce ba mai shiga rajistar taki sai an auna gonarsa da manhajar waya, kuma ranar Alhamis za a rufe. Manhajar ƙungiyar manoma saura ƙunshi ɗaya ta kammala, wato wani ɓangare da ake haɗa mata, wanda zai sa ta gane iyakar gona. Injiniya ya daki ƙirji ya ce shi zai haɗa shi. Hure, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gona ɗaya da yara biyar, ta fi kowa zuba masa ido, don bara da ba ta samu taki ba dawarta ko ƙugu ba ta kai ba.

Ranar Laraba ya tara mutane a gindin tsamiya ya yi lacca.

"Jama'a, wayoyi ba ƙwaƙwalwarsu ɗaya ba. Kowace iri sai an dafa mata nata, a haɗa a ƙunshi guda. Na dafa wa manyan wayoyin zamani. Na dafa wa wayar gwaji, wato wayar kwaikwayo da ke cikin kwamfutata. Gwaji arba'in, ko tuntuɓe babu!"

Malam Muntaka, shugaban ƙungiya, ya ɗaga tsohuwar wayarsa mai ɗaure da roba. "Irin namu fa?"

"Baba, ilimi gaba yake yi. Sa irin naku nauyi kawai zai ƙara wa ƙunshi."

Alhamis da hantsi aka hallara a gonar Hure. Waya goma sha bakwai aka gwada, a kowacce sai manhajar ta leƙo ta rufe. Aka ce to a kawo ta Injiniya. Da ƙyar ya zaro ta, ashe tsohuwa ce irin ta kowa, riga mai kyau kawai ya saya mata.

Amma gwani ba ya rasa dabara. Ya buɗe kwamfuta, ya ɗora ta a tafin hannu kamar mai tallan ƙosai, ya zaga gonar da wayar gwaji, yana tsallake kunya, gumi na zuba. Abin da ba a koya masa a wata shida ba shi ne, wayar gwaji ba ta san inda take ba. Inda masu ƙera ta suka dasa ta, nan take zaune.

Ya danna, ya karanta da ƙarfi tun kafin ya fahimta: gonar Hure tana bakin wani titi a Amurka, faɗinta bai kai tabarma ba.

Hure ta gyara mayafi, ranta a ɓace amma muryarta a sanyaye.

"To Injiniya, takin can za su barbaɗa min, ko kai za ka je ka ɗauko?"