Mai Garken Kekuna

Wani ne a nan layinmu. Kar ku tambaye ni sunansa, uwarsa da tawa sun san juna. Kai Khoa, ajiye wayar nan ka saurara. Shekarun da na yi a Koriya ina fiɗar kifi cikin sanyi, kullum mafarkin Saigon nake yi. Na dawo na tarar kowa ya kifa kai a kan waya, ba mai kallon wani. Ni da zama ba ya karɓata, sai yawo daga wannan lungu zuwa wancan, shi ya sa rabin abin a kan idona aka yi. Sauran Goggo Bay mai kofi ce ta cike mini, ga ta nan da ranta. Goggo, ƙaro mana kofi, ki cika ƙanƙara.

Mutumin nan ɗan ƙauyen bakin ruwa ne, can ƙasa wajen Ca Mau. Da kiwon agwagi ya tashi. Ya shigo birni ya samu aikin guga a wani shagon ɗinki. Sai zuciyarsa ta faɗa wa Diem, 'yar Kawu Tu mai miyar taliya.

Ran nan ya je gaisuwa. Kawu Tu ya dube shi daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan silifas.

"Da me ka zo?"

"Da ƙafa, Kawu."

"Jiya fa?"

"Da ƙafa."

"To ranar da naƙuda ta kama 'yata, a kafaɗa za ka saɓa ta zuwa asibiti? A garin nan ko kare a gaban babur ake ɗauko shi. Je ka nemo abin hawa. Ɗan mai kantin magani yana nan yana zagaye, shi kuwa babur ɗinsa ko ƙara ba ya yi."

Mutumin ya fito, ya kama hanyar gida da ƙafa.

A satin nan ne aka kawo kekunan haya bakin layinmu. Kun tuna ranar? Manya suka zo cikin motoci masu sanyi, aka yanka kyalle, aka yi jawabi a kan hayaƙi da lafiyar jiki. Suka hau kekunan aka ɗauki hoto, suka sauka, suka koma motocinsu. Aka bar wata ma'aikaciyar kamfanin da hula tana yi wa mutane rajista.

Mutuminmu ya matsa kusa. Ta karɓi wayarsa, ta danna, ta ɗauki hotonsa, ta ɗora wayar a kan tambarin wani keke. Makulli ya ce ƙaras.

"Yanzu duk lokacin da na so zan hau?"

"Duk lokacin da ka so, Yaya."

"Ko da rana tsaka?"

"Ko da rana tsaka."

"Ba wanda zai hana ni?"

"Ba kowa. Amma in ka gama sai ka..."

Bai tsaya jin sauran ba. Abin da kake hawa duk lokacin da ka so, ba mai hana ka, ai naka ne.

Kun san mu da sabon abin hawa: ba a fita da shi sai an yi masa roƙon tsari. Washegari da sassafe ya kafa tebur a gaban keken. Dafaffen zakara, ayaba, furanni, gishiri da shinkafa. Ya kunna turaren tsinke, ya yayyafa wa tayoyin giyar shinkafa, ya ɗaura jan kyalle a kan keken, ya kaɗa ƙararrawa. Ya kira 'yan layi kowa ya zo ya taya shi murna. Mu kuwa da ba ma ƙin zakara, muka jawo kujeru.

Turaren bai kai rabi ba, sai ga wata mata cikin kayan ofis, tana sauri. Ta ce, "Gafara dai." Ta zagaye teburin, ta ɗora waya. Ƙaras. Ta gyara siket, ta hau, ta bar mu da cinyar zakara a hannu.

"Ɓarauniya! Jama'a, ɓarauniya!"

Ya bi ta da gudu har titin kasuwa, silifas ɗaya ya tsinke. Ya dawo yana haki.

Goggo Bay ta ce, "Kai ɗana, zauna. Keken nan na kowa ne. Duk mai waya hawa yake yi."

"Goggo, waye ya yanka masa zakara, ni ko kowa?"

"Kai."

"To."

Ya wuni a bakin layi bai je aiki ba. Da yamma, lokacin da 'yan ofis suke dawowa, sai ga jan kyalle yana kaɗawa daga nesa. Wani ƙaton mutum ne a kai, gumi sharkaf. Ya ajiye keken daidai inda aka ɗauke shi, ya kulle, ya wuce.

Mutuminmu ya miƙe tsaye, ido ya kawo ruwa.

"Kun gani? Kun gani, ko? Ya san gida!"

Daga ranar hankalinsa ya kwanta. Ya ce shi ai ya san irin wannan dabba. Haka agwagin babansa suke: da safe su fita kiwo, da yamma su dawo da kansu, wanda ya kwana a waje gobe ya shigo. Sai ya shiga karantar halin kekensa. Ranar aiki, in ji shi, keke sammako yake yi, ya nufi wajen ofisoshi. Da rana tsaka ba ya motsi, zafi yake tsoro. Ranar Asabar sai ya makara, ya tafi bakin kogi inda 'yan mata suke jingina da shi suna ɗaukar hoto, ba mai taka feda. Wallahi Khoa, duk abin da kamfanin yake ɗaukar masu digiri su gano masa a kwamfuta, mutumin nan ya gano shi a kan kujerar roba. Shi kansa kuwa bai taɓa samun hawa ba, don kafin ya wanke ido an fita da keken. Da ƙafa yake zuwa aiki, yana alfahari.

Sai damina ta sauka.

Kun san ruwan garin nan. Da la'asar sama ta ɓalle, titi ya zama kogi, babura su mutu a jere. Masu son lafiyar jiki duk suka ɓace. Masu hoto suka koma ɗaukar hoto a cikin shaguna. Keke mai jan kyalle ya daina fita. Na kusa da shi ma suka daina. Rannan a-kori-kurar kamfani ta zo ta sauke wasu, don an ce a ɗauke su daga inda ruwa yake kwanciya. Bayan kwana biyu ta ƙara wasu. Bakin layinmu ya cika har ba wurin wucewa.

Mutuminmu ya fito da safe ya gani. Ya dafe ƙirji.

"Goggo! Ya jawo 'yan'uwansa!"

"Mota ce ta kawo su, ɗana. Da idona na gani."

"Ko jirgi ne ya kawo su. A garinmu, agwagwar da ta biyo garkenka ta kwana a kejinka, in damina ta wuce mai ita bai zo ba, taka ce."

Ya sayo rigunan ruwa na leda ya rufe su ɗaya bayan ɗaya. Kowace safiya ya goge sirdi, ya ɗiga wa sarƙa mai. Wani mai laima ya zo zai ɗauki ɗaya, mutuminmu ya daka masa tsawa.

"A cikin wannan ruwan? Kai ba ka da tausayi? In ya yi tsatsa kai za ka yi jinya?"

Mai laima ya ba da haƙuri, ya tafi ya hau bas.

Da ya ga abu ya kankama, sai ya saka farar riga ya nufi shagon Kawu Tu.

"Kawu, na samu."

"Babur?"

"Keke."

"Keke," in ji Kawu Tu, ya ci gaba da yanka albasa.

"Ba ɗaya ba ne, Kawu. Garke ne. Daga bakin layi har gindin falwaya."

Wuƙa ta tsaya. Diem ta leƙo daga bayan tukunya tana yi masa alama da ido ya yi shiru. Shi ya ɗauka yabo ne.

"Duk naka?"

"Da ɗaya na fara, Kawu. Sauran albarka ce."

Kawu Tu ya ajiye wuƙar. Ya ce gwiwoyinsa ba sa shiri da ruwa. In damina ta ɗauke zai sa a duba masa rana mai kyau, ya zo da yayansa Baba Hai su gani da ido. In gaskiya ne, a ranar za a sa maganar baiko. In ƙarya ce, ɗan mai kantin magani ya riga ya aiko da kwandon 'ya'yan itace.

Aka duba rana. Ta faɗo Asabar, a watan Disamba.

Ku da kuka kwana a garin nan kun san Asabar ɗin Disamba. Ruwa ya ɗauke, zafi bai dawo ba, iska mai daɗi. Ranar ce kowa yake tuna cewa likita ya ce ya motsa jiki.

Gari na wayewa aka fara. Ƙaras. Ƙaras. Ƙaras. Ɗalibai, masoya, tsofaffi masu gajeren wando, har wasu Turawa da suka ƙone kamar jatan lande. Kowa ya yaye rigar ledar, ya miƙa wa mutuminmu, har da godiya, don sun ɗauka ma'aikacin kamfani ne.

"Ku tsaya! Yau dai kawai! Ina da baƙi!"

Ya riƙe wannan, aka zare wancan. Ya tare gaba, aka fita ta baya. Ya kama rigar wani ɗalibi.

"Ƙanena, don girman iyayenka, ka dawo da shi kafin hantsi."

"Yaya, bakin kogi za ni da budurwata."

"To ku je da ƙafa mana! Ni mai shi ba da ƙafa nake zuwa ba?"

Kafin rana ta ɗaga, bakin layi ya zama fili. Sai tulin leda, sai keke mai jan kyalle. Ya haye kansa, ya ƙanƙame da hannu biyu, ya dasa ƙafafu a ƙasa. Wata tsohuwa da kwandon ganye ta tsaya a gefensa riƙe da waya.

"Jikana, tafiya za ka yi ko zama?"

"Zama, Kaka."

"To akwai kujera wajen Bay."

"Wannan ta fi mini."

Tsohuwa ta ce ba komai, ita ba ta sauri.

Ana haka sai ga Kawu Tu da Baba Hai sun karyo kwana, sun sha kwat, gashi ya sha mai. Kowanne a kan keken haya. Ashe Diem ce ta koya musu, ta ce yana maganin gwiwa.

To ga manya sun iso. Wa zai gaida surukai a zaune a kan sirdi? Dole ya sauka. Ya harɗe hannuwa biyu a ƙirji yadda aka koya mana, ya sunkuya har ƙasa.

"Barka da zuwa, Baba. Barka da zuwa, Kawu."

Ƙaras.

Ya ɗago. Tsohuwa har ta kai gindin falwaya, ganye a kwando, jan kyalle yana kaɗawa.

Kawu Tu ya dubi filin. Ya dubi tulin leda. Ya dubi Baba Hai.

"Ina garken?"

"Sun fita kiwo, Kawu."

"Kiwo."

"Da yamma za su dawo. Ai ga biyu nan ma a ƙarƙashinku. Wannan naka da hannuna na sa masa mai. Ka ji yadda yake tafiya sumul?"

Baba Hai ya sauka daga nasa a hankali, ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Goggo Bay ta cusa kai cikin akwatin ƙanƙara. Kawu Tu kuwa wuyansa ya yi ja.

"Tsaya in gane. Kai ka yi masa roƙon tsari?"

"Ni, Kawu."

"Kai kake wanke shi, kai kake rufe shi?"

"Ni."

"Amma duk wanda ya ga dama ya zo ya ɗauka da safe, ya zaga gari da shi, kai kana zaune kana jiran yamma?"

"In ya dawo har daɗi nake ji, Kawu."

"Haka kake riƙon abin da kake cewa naka ne? Kuma ni in ɗauki 'yata guda ɗaya in damƙa maka?"

"Haba Kawu, kwantar da hankalinka. Da damina ai ba inda za ta je."