Yatsan Kaka a Kan Kek ɗin Mutane

"Lafiya lau, ya aiki? Ina mijin nawa, wani siriri mai kunnuwa kamar faranti?"

Siriri na jin muryar nan ya gane mai ita. Bai daɗe da samun aiki a shagon kek irin na Faransa ba, gwaji ma ake masa. Madam mai shagon kuwa doka ɗaya ta kafa masa: duk kek ɗin da hannu ya taɓa, bakin aikinsa ke nan. Ga shi yanzun nan ya fito da wani baƙin kek na cakulan mai sheƙi kamar madubi, ya ɗora a kan kantar shagon zai sa a kwali, masu shi na hanya. Sai ga kakarsa da sanda da ƙaton mayafi.

"Tsohuwa, don Allah wa ya nuna miki nan?"

"Ƙafata. Miji ya samu aiki ya ɓoye wa matarsa? Wannan farar hular fa, kaciya aka sake maka?"

"Rage murya! Ni na sake ki tun da haƙoranki suka yi ritaya."

"Haƙori biyu ya rage min, kuma sun fi gemunka yawa."

Ta manna hanci a gilashi tana leƙe. "Wancan burodin me ya same shi ya lanƙwashe? Ciwon baya?"

"Haka ake yinsa. Bota ce a ciki fal."

"Wannan baƙin kuma da man takalmi kuka goge shi? Wallahi ko a bakin kabari nake ba zan ci abin da nake ganin fuskata a ciki ba."

"Fuskar ce ta ba ki tsoro, ba kek ɗin ba."

Juyawa kawai ya yi ya ɗauko kwali. Kafin ya waigo, Kaka ta yi abin da take wa mangwaro a kasuwa tun kafin a haifi uwarsa: ta danna yatsa ta ji ko ya nuna. Yatsan ya nutse har gaɓa.

"Innalillahi! Kaka kin kashe ni!"

"Kai, ashe ruɓaɓɓe ne."

"Na mutane ne! Korata za a yi!"

Daga ciki aka ji ƙwas, ƙwas, takalmin Madam. Gumi ya karyo masa har cikin hula. Da sauri ya ciro ƙwayar inabi ɗaya daga firij ya toshe ramin. Sai idonsa ya faɗa kan yatsan Kaka, baƙi ƙirin da cakulan.

"Lashe!"

"Allah ya kiyaye. Na rantse fa."

"Kya yi kaffara! Lashe, don darajar iyayenki!"

Tsohuwar da ba ta tsoron kowa ta dubi ƙofa, ta dubi jikanta, ta runtse ido kamar za a mata allura, ta cusa yatsa a baki.

Madam ta fito tana goge hannu. Ta tsaya kan kek ɗin.

"Wa ya ce a sa inabi?"

Madam ta sa ɗan cokali ta ɗaga inabin. Ga rami nan, har da zanen farce.

Kaka ta zare yatsa daga baki. "'Yar nan, ni ce. Wannan mijin nawa ko kaza ba ya iya taɓawa, balle kayanki. Ni kuma ban taɓa sayen abu ban latsa ba. In kora ce ki kore ni, dama ba a ɗauke ni ba."

"Mijinki?"

"Kaf gidanmu shi ne mummunan, shi ya sa aka bar min."

Madam ta danne dariya, dariyar ta ƙi dannuwa. Ta kira mai yin kek daga ciki ta ce ya cike ramin ya jera inabi a kai kafin masu shi su iso. Sannan ta nuna Siriri da cokali.

"Yau ka sha. Gobe in matarka ta zo, ka tare ta tun daga ƙofa, ka zaunar da ita nesa da kantar nan, ka cika mata hannu biyu da wani abu."

Siriri ya kai Kaka kujerar lungu. Ta jawo rigarsa, ta yi ƙasa da murya.

"Wannan man takalmin... akwai ƙarami?"

"Ba ke kika rantse ba?"

"Ai kaffarar ta riga ta hau ni, gara in ci mai dalili."

Ya kawo mata ɗan ƙarami a faranti, ya ajiye cokali a gefe. Ta ture cokalin, ta ɗaga yatsa.

"Wannan dai nawa ne ko? To kauce, ango. Na fasa yajin da na yi niyyar yi maka."