Rabin Fallen Zink

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na cire riga a gaban ƙarti goma sha ɗaya da likita mace ba. Har yau in na bi ta ƙofar asibitin nan na unguwar Moursal sai in juya kai kamar wani ya kira ni daga tsallake.

Lokacin shekarata ashirin da takwas, ba aiki, uwata ce ke ciyar da ni. Makaranta tun aji biyar na bar musu abarsu (malamin lissafi ne ya fara gajiya da ni, ni kuma na taya shi). Ƙarfi kawai Allah ya ba ni. Kullum da yamma muna bayan gidan wani Garba a unguwar Habbena muna ɗaga ƙarafan tsohuwar mota. Garban nan yana sayar da wata allura mai kumbura damtse. Wata biyar yana soka mini ita. Damtse ya fito, wuya ya cika. Sai kuma ga abin da ban aika a kawo mini ba: nono. Guda biyu, masu zafi, in riga ta goge su sai na cije leɓe.

Na ja Garba gefe. Ya ce, "Kai ma dai, ɗan'uwa. Sinadarin mata ne ya hau maka. Ka riƙa shan zink kullum, zai sauka."

Bai ce ƙwaya ba. Wallahi bai ce ba. Ni kuma ban tambaya ba, kada ya gane ban yi boko ba. Na nufi wurin taubashina Isa kafinta, wanda ya yi shekara uku a Maiduguri yana rufin gidaje, tun da ya dawo yake mana kallon ƙauyawa. Na ce masa zink nake nema.

"Zink? Kwanon rufi ne mana, baƙauye. Wanda ku nan kuke ce wa tol. Gida za ka gina ko akurkin kaji?"

"Sha zan yi."

Ya dube ni sama da ƙasa. "To, Allah ya ƙara sauƙi," ya ce, ya yanko mini rabin falle. (Har gobe ban yafe masa ba.)

Na yayyanka shi na jiƙa a tulu, ina shan kofi guda safe da yamma. Ɗanɗanon kamar ka tsotsi tsohuwar ƙusa. Cikina ya yi ta ƙugi, nonon kuwa ko gezau.

Ana nan sai wani kamfani ya fara ɗaukar masu gadi, albashi duk wata. Na ce ko ta halin ƙaƙa sai na samu, na gaji da jiran kwanon tsohuwa. Sharaɗi ɗaya ne, sai likita ta duba mutum, abin da suke kira bizit. Na naɗe ƙirjina da rawani tam, na sa riga. A layi har da Garba, shi ma aikin yake so.

Likitar kuwa Bahaushiya ce, 'yar tsohon gidan fatake, ta ma san uwata. Ta ce kowa ya cire riga. Na cire. Ta ce rawanin ma. Ka san tsawon rawani. Ina warwarewa, ina juyawa, har abin ya bayyana.

Garba ne ya fara. "A miƙo wa amarya zane."

Likita ta ce, "Malam, me kake sha?"

"Zink, Dakta."

"Ƙwaya nawa a rana?"

"Ba ƙwaya ba ne. Rabin falle ne."

Wani ƙato har da zama a ƙasa don dariya. Ita kanta ta juya tana duba wata takarda a bango na ɗan lokaci. Da ta juyo ta ce allurar sinadarin maza ce, in ya yi wa jiki yawa sai jikin ya mayar da wani sashe na mata. "Ko zink ɗin farmasi ka sha, ba zai gyara wannan ba muddin kana allurar. Ka bar ta, ka bar rufin mutane, ka dawo bayan wata uku. Wa ke yi maka?"

Tunda kunyar ta riga ta gama cin rabonta, na miƙa yatsa. "Ga shi nan, mai rabon zane."

Ta auna jinin Garba sau biyu. Ya hau. Ta ce ya sa rigarsa ya je ya nemi magani, babu zancen gadi.

Na bar allura, na zubar da tulun. Damtsen ya saki, ƙirjin ya sauka, ko da yake bai koma kamar da ba. Bayan wata uku na koma na cire riga da kaina tun kafin a ce, ta buga mini hatimi. Shekara goma sha huɗu na yi a ƙofar kamfanin nan, kuma masu dariyar nan da yawansu sai da na nemi su nuna mini takarda kafin su shiga. Wanda ya fi dariya na fi daɗewa ina duba tasa, duk da ba karanta ta nake ba.

Yanzu in aka ce in sha wani abu, sai na tambaya a kantin magani ake sayensa ko a wurin kafinta.