Ranar da Zoɓo Ya Tuɓe Mini Wando a Beji

Ba zan taɓa mantawa da fitata ta farko aikin ɗibar jinin dabbobi ba, can bayan Beji, damina ta yi tsakiya. Bincike ake yi kan wani zazzaɓi da sauro ke sa wa tumaki da awaki, masu ciki su yi ta ɓari. Kafin mu bar Minna shugabarmu Madam Rifkatu, likitar dabbobi 'yar kudancin Kaduna, ta ja mana kunne: jinin dabbar da ta kamu in ya taɓa mutum, musamman inda yake da rauni, zai iya ɗauka. Ni kuwa matata Hauwa tana da tsohon ciki, na fari. Nan take tsoro ya kama ni (ni da nake cika baki a gida wai na zama ma'aikacin lafiya).

Garken da muka je ya ƙara tsinka mini zuciya. Ruwa kwance ko'ina, sauro kamar hayaƙi, ga mai garken yana nuna mana tumakin da suka yi ɓari. Safar hannu kan safar hannu na sa. Aka ɗebi jini a 'yan kwalabe, aka jera a kula. Kulolinmu biyu ne iri ɗaya, ta jini da ta ajiyar ƙanƙara. Da za mu dawo aka miƙo mini ɗaya, na rungume a cinya a bayan a-kori-kura, ko tambaya ban yi ba.

Muna shiga kasuwar Beji mota ta faɗa rami, murfin kula ya ɗaga, na ji sanyi a cinyata. Ina dubawa na ga farin wandona ya yi jawur, daidai gwiwar da ƙaya ta karce ni da safe. Wallahi ba kaina na tuna ba, Hauwa na tuna, da tumakin nan.

Na bubbuga mota, aka tsaya, na dire, na tuɓe wando a bakin titi, ranar kasuwa, daga ni sai gajere (gajeren ma ya ji jiki). "Ku matsa, cuta ce!" nake ta faɗa. Masu sayar da doya suka watse. Na kira Hauwa a waya: "Ki tafi gidan Mama a Fadikpe yanzu, kar ki jira ni. Ki yafe mini." Ta fashe da kuka.

Madam ta fito daga gaban mota, ta sa safar hannu, ta buɗe kular. Ta juyo ta kalle ni.

"Malam, ka taɓa ganin tunkiya mai citta da kanumfari a jini? Zoɓona ne ya fashe. Jinin yana gaba, a ƙafana."

Ashe kullum a kular ƙanƙara take sa ƙullin zoɓonta ya yi sanyi. Kowa ya sani sai ni. Haka na mayar da jiƙaƙƙen wando, masu doya suna yi mini sannu da murmushi.

Na je Fadikpe na tarar Hauwa da surukata idanu sun kumbura. Da na yi bayani, surukata ta tashi ta shige ɗaki, ina jiyo dariyarta.

Hauwa ta sauka lafiya. Sunan yarinya A'isha, amma a gidan kakarta Zoɓo ake kiranta, kuma tana amsawa. Ni dai na koyi darasi: kafin mutum ya tuɓe wando a kasuwa, ya fara buɗe kula.