Ranar da Na Yi wa Tsohon Sojan Bama Tafinta

Ina aji biyu a kwalejin horon malamai a Minna, malaminmu na tarihi, wani Ba'indiye, ya gayyato Baba Ɗanladi daga Beji, tsohon sojan da ya je yaƙin Bama, don ya ba mu labari. Da aka nemi tafinta, zumbur na miƙe. Ai ni na haddace babin Yaƙin Duniya na Biyu har da lambobin shafi.

Tsoho ya fara da Hausa: "Ni dai alfadarai na ja. Kullum ruwan sama, ga matsattsaku, ga gudawa."

Na ga wannan bai kai a kira shi tarihi ba. Na gyara tsayuwa, na shaida wa malam da Turanci cewa Baba shi kaɗai ya kama Japanawa goma sha biyu. Malam ya zaro ido yana ta rubutawa, 'yan aji kuwa suna toshe baki. Da Baba ya ce alfadarinsa ya mutu, sai na ce wa malam Baba ya fasa gada da nakiya.

Nan tsoho ya juya harshe zuwa Turancin bariki, ya gaya wa malam ƙarya nake shararawa. Sannan ya dube ni: "Ɗana, kai ka je Bama ko ni?"

Aji ya ɓarke da dariya. Malam ya yage shafinsa a hankali, ya miƙo mini.

Yau duk mun yi furfura, amma ko a gidan biki muka haɗu sai wani ya ƙame ya sara mini: "Janar, yau Japanawa nawa aka kama?"