Goron da Makaɗin Biyana Ya Ba Ni

Ba zan taɓa mantawa ba da yadda ƙazuwa ta kai ni Turai. Wautar tawa ƙarama ce. Ranar da aka koma makaranta, Garba, wanda ya fi kowa baki a ajinmu, ya tambaye ni inda na ɓuya duk tsawon hutu. Na ji kunyar in ce ina gidan kakata a Malali ana shafe ni da magani mai wari. Sai bakina ya ce, "Biyana na je."

Ba a hanya na tsinci sunan ba. Kawu Isa akawun gwamnati ne, an tura shi kwas Ingila, ya leƙa wannan birni na ƙasar Ostiriya kafin ya dawo. Ya zo da faifan garmaho da hoton wani gini da ya sha ado kamar ɗakin amarya, ga gumakan jarirai masu fukafukai a manne a bango (ko ɗan kamfai babu). Da su na gina tafiyata.

Garba ya ce ko Zariya ban taɓa zuwa ba. Sule, abokina tun makarantar allo, wanda muke cin ƙosai a ganye ɗaya, ya miƙe ya ce, "Abokina ba ya ƙarya!" Suka kacame. Kafin a raba su Garba ya karya masa haƙorin gaba. Nan ya kamata in yi magana. Ban yi ba.

Labari ya kai kunnen Baturen da ke koya mana labarin ƙasa, wanda muke kira Mai Lofe. Ashe ya yi aikin soja a Biyana bayan babban yaƙi (duk Turawan Kaduna, a ce shi Allah ya haɗa ni da shi). Cike da murna ya ce in zo da faifan da ya ji ina da shi, shi zai kawo garmaho.

Da farko na yi ƙoƙari. Na tsaya gaban aji na ba da labarin hoton nan har da ƙari. Na ce sanyin garin idan ka tofa yawu sai ya faɗi ƙasa kamar tsakuwa. Mai Lofe yana ta gyaɗa kai. Ya murɗa garmaho, goge ya fi ɗari ya kama kuka a tare, ba kalangu, ba amshi. Ya nuna sunan da ke jikin faifan.

"Yaro, ka san mai wannan kiɗa?"

A wajenmu wanda ka ji kiɗansa a faifai, shi ya zauna ya kaɗa. Ba wanda ya taɓa gaya mini su can rubuta kiɗa suke a takarda, wasu su yi ta kaɗawa bayan mai shi ya zama ƙasa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, har gidansa muka je. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mutanen Kaduna, ya ba ni goro."

Ya cire lofe daga baki. A hankali ya ce, "Mutumin nan ya mutu tun ba a haifi kakan kakanka ba."

Can sai Garba ya ɗaga hannu. "Allah Sarki! Goron matattu fari ne ko ja?"

Dariyar da aka yi, na rantse ta ƙetare kogi. Baturen bai dake ni ba (da ya daka da na ji sauƙi), faifan kawai ya miƙo mini. Na leƙi Sule. Shi kaɗai bai yi dariya ba, yana ta lasar wurin da haƙorinsa ya karye.

Da aka tashi na bi shi har bakin Babbar Kasuwa. "Sule, don Allah. Ƙazuwa na yi, kunya ce ta sa."

Ya tsaya ya dube ni. "Ƙazuwa? Ni ma na yi ta bara. Kai ka riƙa sosa mini baya."

Ya wuce.

Abin da na koya bai da yawa: kafin ka ce wani ya ba ka goro, fara tambaya ko yana da rai. Yanzu har 'yan aji ɗaya Ɗan Biyana suke kirana. Ƙazuwata ta warke, ko tabo babu. Haƙorin Sule bai dawo ba, shi kuma Sule ya koma zama a bencin Garba.