Tattaki a Cikin Leshi

Gidan jinyar da ya kula da mijin ƙawata Maman Grace har ya cika ne ya shirya taron neman gudummawa. Na yi mata alkawarin ba zan bar gefenta ba ranar.

Ni kuwa na san taron gudummawa tun a ƙasarmu: rumfa, kujeru, ana kiran sunan mutum yana tasowa a hankali. Sai na ciro leshina mai duwatsu, na kafa ɗauri, na hau takalmi mai tsini. 'Yata Safiya ta ce min da Turanci, tafiyar ƙafa fa za a yi. Na ce mata ba yau na fara zuwa taro ba, daga mota zuwa kujera ma ai tafiya ce.

Da muka isa unguwar Irving Park babu rumfa, babu kujera ko ɗaya. Kowa da kambas da gorar ruwa. Maman Grace ta dube ni sama da ƙasa.

"Anti, wa muke aurarwa?"

Aka busa usur, ta kama hannuna, alkawari kuma na riga na yi. Unguwar nan ba ta ƙarewa. Wata Baturiya ta tambaya ko ni ce babbar baƙuwa. Na ƙarasa da takalmi a hannu, ɗauri a hammata. An ce ranar ce Maman Grace ta fara dariya tun rasuwar. Ni dai ƙafata nake ji.

Bara ke nan. Bana ma an sa ranar tattakin. Jiya Maman Grace ta bugo min waya.

"Amarya, za a fitar da anko ne, ko kowa ya sa nasa?"